Taransfomar karo-karo da dattin wuta: wa zai biya, kuma nawa?

Tambayar daga shugaban wata ƙungiyar masu sana'a ce a Birnin Kebbi. Su kusan talatin ne, masu casar shinkafa da masu niƙa da masu walda da masu ƙanƙara da 'yan shagunan caji, suka yi karo-karo suka sayi taransfoma mai 500 kVA (ma'aunin lodin da za ta iya ɗauka ke nan) don layinsu. Ta ƙone sau biyu cikin shekara biyu, duka da bazara. Mai gyara ya ce "hamonik" ne, wato dattin wuta, kuma daga sabon injin shinkafar wani ɗan ƙungiya yake fitowa. Wasu sun ce mai injin ya biya duka. Shi kuma ya ce ai shi ya fi kowa biyan kuɗin wuta, a raba kamar yadda aka saba. Alhaji, shugaban nasu, yana so ya san inda adalci yake.

Alhaji, Allah ya ƙara girma. Na daɗe ina aikin lantarkin masana'antu, kuma irin wannan rigima ba baƙuwata ba ce. Roƙona na farko, ka jingine maganar kuɗi na mako biyu. Mai yiwuwa mai gyaranku gaskiya ya faɗa, sai dai hamonik ba a gane shi da ido ko da ƙaurin mai, aunawa ake yi. In kuka ci mutum tara a kan zato, baɗi taransfoma ta sake ƙonewa, kun rasa taransfoma kun kuma rasa ɗan'uwa.

Wutar da ke zuwa mana tana kai da komo sau 50 a daƙiƙa, a natse, kamar makaɗi guda da kowa ke rawa a kan bugunsa. Moto irin na da, na injin niƙa mai bel ko na kwamfiresan ƙanƙara, da hita da dutsen guga, duk a kan wannan bugun suke shan wuta. Kayan zamani kuwa, caja da talabijin da ƙwan LED da inbata lokacin da take cajin batir, da ƙaramin injin walda na ɗauka a hannu, da akwatin nan mai sarrafa gudun moto da ma'aikata ke kira diraib, ba haka suke sha ba. Zuƙa suke yi su tsaya, su sake zuƙa da ƙarfi. In aka warware wannan zuƙa a lissafi, daidai take da ƙarin makaɗa da suka hau kan na farko, wani na bugu sau 150 a daƙiƙa, wani 250, wani 350. Su ake kira hamonik na 3 da na 5 da na 7. Ni in ina yi wa mutane bayani dattin wuta nake cewa, don halinsa ɗaya da ruwan kwata: daga gidanka ya fito, ta ƙofar maƙwabci zai bi.

Kowane kaya da irin dattinsa, kuma wannan shi zai fara nuna muku mai shi. Diraib mai layi uku, wato mai shan wuta daga duka wayoyin wuta uku na taransfoma, irin na jikin sababbin injunan shinkafa, na 5 da na 7 yake fitarwa, sai na 11 da na 13 kaɗan. Na 3 kusan babu. Ƙananan kaya masu layi ɗaya su ne gidan na 3, shi kuwa yana da mugun hali guda: a wayar nutural, wato waya ta huɗu da wuta ke komawa ta cikinta, ba ya soke juna kamar wutar asali, taruwa yake. In na 3 ya kai amfiya 10 a kowane layi (amfiya ita ce ma'aunin yawan wutar da ke gudu a waya), sai ka iske 30 a nutural. Don haka in nutural ce ta yi zafi ta narke, ku ɗauke ido daga mai shinkafa, ku dubi layin shaguna. Na 5 yana jan moto zuwa baya, shi ya sa moton maƙwabci ke zafi yana gurnani ba tare da an ƙara masa kaya ba. A cikin taransfoma kuma akwai wani kaso na zafin waya da ke hawa da ninkin lambar a kanta: amfiya ɗaya ta na 5 tana haifar da irin wannan zafi ninki 25 na amfiya ɗaya ta wutar asali, ta na 7 ninki 49. Ta nan ne taransfoma ke dahuwa alhali ba ta cika lodi ba.

Amma kafin a rataye hamonik, a tsayar da sauran waɗanda ake tuhuma. Taransfoma irin taku kusan amfiya 700 take ɗauka a kowane layi, kuma ƙa'idar ƙirarta ta ɗauka cewa zafin gari ba zai wuce digiri 40 ba. Kai ka san Afrilun Birnin Kebbi. Takardar da ke naɗe da wayoyin cikinta, duk ƙarin digiri 6 a kan zafin da aka tsara mata yana raba tsawon ranta biyu. Sai ka haɗa da layi ɗaya da ya ɗauki amfiya 800 wani 400, don duk wanda ya buɗe shago a layi mafi kusa ake maƙala masa waya. Da man da ya ragu ko ruwa ya shige shi. Da fiyus da aka maye da waya mai kauri don kada ya riƙa yankewa. Da lokacin da aka dawo da wuta, inbatoci da firiza da injuna su tashi gaba ɗaya. A yawancin wuraren da na duba, dattin wuta ɗan rakiya ne, ba shi ya ja gaba ba. Wannan yana da muhimmanci ga aljihu. Kuɗin ɓarnar nan ƙwarya biyu ne: abin da nauyin amfani ya jawo, wanda kowa zai biya gwargwadon lodinsa, da abin da datti ya ƙara a kai, wanda shi kaɗai ne ake rigima a kansa. Wanda ya zuba su ƙwarya ɗaya ya riga ya zalunci wani.

Awon ba na ƙaramar mitar da mai gyara ke maƙalawa a waya ba ne. Mai arha daga cikinsu, wadda ba a rubuta True RMS a jikinta ba, ƙasa da gaskiya take karantawa in wuta ta gurɓata. Na'urar tantance ingancin wuta ake so, wadda ke fitar da kowane hamonik daban. A ɗaura ta a bakin taransfoma ta kwana bakwai tana rubuta matsakaicin kowane minti 10, sannan a bi manyan masu lodi ɗaya bayan ɗaya a auna a inda wayarsu ta rabu da ta jama'a. Wannan mahaɗa ita ce wurin hukunci. Abin da mutum ke yi cikin shagonsa nasa ne, abin da ya tsallako mahaɗa shi ne na ƙungiya. Kuma ba a kama mutum da tsalle ɗaya na minti biyar. Abin da aka saba shi ne a ɗauki matakin da awon bai wuce shi ba a kashi 95 cikin 100 na lokacin. Ku nemo mai awo da ba ya sayar da kayan gyara kuma ba abokin kowa ba ne. Sashen lantarki na Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Waziri Umaru wuri ne da ya dace ku fara tambaya.

Ga wata dabara da gari ya ba ku kyauta. Ranar Juma'a, lokacin da aka tafi masallaci, injuna duk a kashe suke. Abin da na'ura ta karanta a wannan sa'a, mafi yawansa ba naku ba ne, daga babban layi ya shigo, daga kayan wasu da ba ku ma san su ba. Wannan a cire shi daga lissafi tun farko. Bayan haka a kunna injin shinkafa shi kaɗai a gani, a kashe, a kunna na walda. Akwai masu cewa na'ura tana nuna inda dattin ya dosa, ko daga kai yake fita ko shigowa yake, don haka ba sai an kashe komai ba. Kada ku dogara da wannan kibiya da na'urar ke nunawa. Ƙaramin kuskure a awon kusurwa yana juya ta, kuma masana sun daɗe da nuna cewa takan nuna mara laifi. Kashewa da kunnawa ya fi, kuma kowa yana tsaye yana gani.

Yanzu ga maganganun nan biyu da ke gabanka. Hujjar mai injin, cewa shi ya fi biyan kuɗin wuta, ba ta tsaya ba. Mita yunit take ƙirgawa, ba ruwanta da tsabtar abin da ka mayar wa layi. Mai niƙa da tsohon moto zai iya shan yunit daidai da mai diraib, ɗaya bai zubar da komai ba, ɗaya ya cika kwata. In aka raba kuɗin datti bisa yunit, mai tsabta ne ke biya wa mai datti, kuma mai datti ba shi da dalilin gyarawa har abada.

Masu cewa ya biya duka su ma ba su tsira ba. Ka dubi jirgin ruwa a bakin kogi a Yauri ana loda masa buhuna. An sa arba'in yana lafiya, aka sa na arba'in da ɗaya ruwa ya fara shiga. Buhun ƙarshe ne ya nutsar da shi? Da shi aka fara sawa, da wani ne zai zama na ƙarshe. Taransfoma tana da iya dattin da za ta haɗiye ba ta yi tari ba, waɗanda suka riga zuwa sun cinye wannan fili ba su biya komai ba, sai na ƙarshe ya zo ya iske ba wuri. Zuwa a makare ba laifi ba ne.

Abin da ya ƙara rikita lissafin shi ne, datti ba ya haɗuwa kamar naira. Mutum biyu kowanne na fitar da amfiya 10 ta na 5: in bugunsu ya zo tare, 20 ne, in ya saɓa, suna iya soke juna har kusan babu. Ƙa'idar hukumar IEC, mai tsara ƙa'idojin lantarki na duniya, da ke magana a kan rabon nan, mai lamba 61000-3-6, ta ɗauki tsakiya: ƙasa da na 5 a haɗa kai tsaye, daga na 5 zuwa na 10 goma da goma su ba da kusan 16, sama da haka kusan 14. Har ma an san cewa na 5 da ƙananan kaya masu layi ɗaya ke fitarwa yakan soke wani ɓangare na wanda diraib ke fitarwa. Wato yaron nan mai shagon caji, da wasu ke ganin shi ma mai datti ne, mai yiwuwa sauƙi yake kawo muku bai sani ba.

Akwai kuma mutumin da ba ya fitar da datti ko kaɗan amma shi ne ke hura shi. Wanda ya saka akwatin kafasito, wato na'urar da ke ɗan ajiye wuta tana sakinta, don gyara lodin motocin injunansa, kafasiton da taransfoma sukan haɗu su yi amo a wani bugu, kamar yadda ƙwarya ke ƙara wa tsirkiyar goge murya. In amon ya faɗa kusa da na 5 ko na 7, ɗan datti kaɗan sai ya ninka. Alamar ita ce kafasito na kumbura ko fiyus ɗinsu na yawan yankewa. Ka tambaya ko akwai mai irin wannan akwati a layinku, da kuma lokacin da ya saka shi. Na taɓa zuwa wata ma'aikata da aka shekara ana zagin maƙwabci, muka cire kafasiton masu zagin na minti goma, gurɓatar ta faɗi ƙasa da rabi.

To yaya za a raba? Hanyar da nake ba da shawara ita ce wadda manyan ƙa'idojin duniya suka ginu a kanta: kowa a ba shi rabonsa na filin, kyauta, sai wanda ya haura ya biya abin da ya haura. Ƙa'idar IEEE 519 ta Amurka, wadda aka fara fitarwa a 1981 aka sabunta a 1992 da 2014 da 2022, ta raba nauyin gida biyu. Mai layi shi ke da alhakin kada gurɓatar boltej ta wuce kashi 8 cikin 100 a ƙaramin layi irin naku, ko kashi 5 a layin 11kV da 33kV. Mai amfani kuma shi ke da alhakin dattin amfiyar da yake turawa, daga kashi 5 zuwa kashi 20 na babban lodinsa, gwargwadon girmansa a kan ƙarfin layin: wanda ya yi wa layi girma an fi matsa masa, ƙarami an sassauta masa. Ku da kuka sayi taransfoma da kuɗinku, ƙungiya ce mai layi a nan. Da ta kamfanin rarraba wuta ce, da maganar ta canza, don hukumar NERC mai kula da harkar wutar lantarki a Najeriya ta sha nanata cewa gyara ko sauya taransfomar kamfani ba nauyin masu amfani da wuta ba ne.

Bari in ƙago alƙaluma don misali kawai. A ce kun amince mai shinkafa yana da kVA 200 cikin 500, masu walda 100, masu niƙa da ƙanƙara 100, shaguna 100. A ce mai awo ya gano cewa layin zai iya haɗiye amfiya 40 ta na 5. Rabon mai shinkafa 16, sauran kowane rukuni 8. Aka auna: mai shinkafa 46, masu walda 14, masu niƙa da ƙanƙara 3, shaguna 7. Masu haurawa biyu ne, ɗaya da 30, ɗaya da 6. Ƙwaryar datti sai a raba ta shida, mai shinkafa biyar, masu walda ɗaya, sauran ba ko sisi. In ana lissafin zafin taransfoma ne, a ba manyan lambobi nauyinsu, don amfiya ɗaya ta na 11 ta fi ta na 5 ɓarna nesa. Kyawun wannan hanya, mutum zai iya duba takarda ya ga rabonsa da abin da ya zubar, ya kuma san abin da zai yi kuɗin ya sauka.

Akwai hanya ta biyu da masu bincike suka fi ƙauna, ta wani masanin lissafi ɗan Amurka, Lloyd Shapley, da ya fitar a 1953, wanda daga baya ya sami kyautar Nobel ta tattalin arziki a 2012. Ita ce ainihin amsar maganar buhun ƙarshe. Sai a ce, mu ɗauka kowa ya taɓa zama na farko, ya taɓa zama na ƙarshe, a duba abin da zuwansa ya ƙara a kowane jeri, a ɗauki matsakaici. A ce da mai shinkafa ne kaɗai a layin, gyaran zai ci naira 1,200,000. Da masu walda ne kaɗai, 200,000. Su biyun tare, 2,000,000. In mai shinkafa ya riga zuwa, nasa 1,200,000, masu walda 800,000. In masu walda suka riga, nasu 200,000, mai shinkafa 1,800,000. Matsakaici: mai shinkafa 1,500,000, masu walda 500,000. Lissafi ne mai tsabta, har wanda dattinsa ke soke na wasu yana samun rangwame a cikinsa. Matsalarsa yawa: mutum uku jeri 6 ne, huɗu 24, goma sun haura miliyan uku da rabi, kuma kowane haɗi sai an san kuɗinsa. A zauren ƙungiya, inda rabin mutane za su ce injiniya ya haɗa baki da wani, ban ga zai yi tsawon rai ba. In za ku yi amfani da shi, ku tsaya a rukuni uku ko huɗu, kuma don duba ko hanyar farko ta karkata ne kawai.

Ni dai da za a bi tawa, da kuɗin bai shiga asusun ƙungiya ba sam. Tara ba ta sanyaya taransfoma. A ba wanda ya haura wata uku ya gyara a ƙofarsa, sai in ya ƙi a fara cajinsa wata-wata. Gyaran sau da yawa bai kai yadda ake tsoro ba. Diraib da aka haɗa tsirara yana iya fitar da dattin da ya kai kashi 80 na amfiyarsa. In aka sa masa naɗin waya a gaba, wanda ake kira cok, mai kashi 3 zuwa 5, yakan sauko wajen kashi 35 zuwa 40. Masu kawo injuna da yawa suna tsallake shi ne don farashi ya yi daɗin ji, alhali shi ke kare diraib ɗin kansa daga dukan wuta, ka ga mai shinkafa ma riba ce gare shi. In bai isa ba a ƙara matata da aka saita a kan na 5. Matata mai kwamfuta a ciki tana share kusan komai, amma tsadarta da wahalar gyaranta a nan sun sa ba na saurin ambatonta. Mai kafasito a sa masa cok mai kashi 7, wanda ke mayar da amonsa wajen bugu 189 a daƙiƙa, ƙasa da na 5. Daidaita lodi a layuka uku, ƙara kaurin nutural, duba mai, da yi wa taransfoma rumfar da iska ke ratsawa, waɗannan na kowa ne, daga ƙwaryar farko za su fito.

Ku rubuta yarjejeniya, ko shafi ɗaya ne, a gaban shaidu: kVA na kowa, rabon dattin kowa, inda ake awo, da cewa za a sake awo duk shekara kafin bazara da kuma duk lokacin da wani zai kawo babban inji. Wanda zai shigo sabo a auna kayansa kafin a haɗa shi. Ku bar wani ɗan kaso na filin ba a raba ba saboda masu zuwa, in ba haka ba rigimar nan za ta dawo da sabuwar fuska.

Ƙonewa biyu da suka wuce kuwa, babu wanda ya auna komai a lokacin, kuma awon yau ba ya zama shaida a kan bara. A raba kuɗinsu bisa lodin kowa. In awo ya nuna mai shinkafa ya haura sosai, ka kira shi gefe, kai da dattijo ɗaya ko biyu, ku nuna masa takardar, ku nemi ya ƙara wani abu don kansa a kan gyaran na biyu, sannan ya sayi cok ɗin kafin zafi ya shigo.